Ado da Hujja: Sharhi a Kan Yadda Ɗalibanmu Ke Rubuta Gajeren Insha'in Muhawara

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wani ɗan aiki da muka ba ɗalibanmu na kwalejin ilmi masu ɗaukar darasin falsafar ilmi, a lokacin da suka fita gwajin koyarwa a makarantun ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Mun ce kowa ya rubuto mana shafi biyu, da Hausa, a kan tambaya guda: shin adalci ne hukuma ta tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu domin aikin da zai amfani jama'a masu yawa? Ba da ka muka zaɓi wannan tambaya ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta fara a 1971 aka kammala a 1974, tana nan a gabansu, kuma a cikinsu har da jikokin waɗanda ruwan ya ci ƙauyukansu. Mun zaci wanda abu ya shafa haka ba zai rasa ta cewa ba.

Ba su kuwa rasa ba. Takardun sun dawo a cike, da Hausa mai daɗin karatu, da karin magana birjik. Amma da muka nemi abin da kowane marubuci yake so mu yarda da shi, da dalilin da zai sa mu yarda, sai muka tarar a mafi yawansu babu ko ɗaya daga cikin biyun. Da muka kai kuka ga abokan aiki, sai aka ba mu amsoshin da muka saba ji, wai falsafa baƙuwa ce, Hausa ba ta da kalmomin ɗaukarta, wai kuma tarbiyyarmu ta kunya da kara ba ta barin yaro ya ja da magana. Mu dai ba mu gamsu ba. Ra'ayinmu shi ne laifin yana ga samfurin da aka ɗora yaran a kai tun daga sakandare, watau abin da ake kira insha'in muhawara, alhali kuwa akwai samfurin da ya fi shi a cikin rubuce-rubucen magabatanmu, wanda aka bari a ajin tarihi ba a shigo da shi ajin insha'i ba.

Abin da muka tarar a takardun

Mafi yawan takardun da shimfiɗa suke farawa, shimfiɗar da kan cinye rabin shafin farko. Marubuci zai ce ruwa abokin aiki ne, babu mai rai da zai rayu ba tare da shi ba, sa'an nan ya ce masana da dama sun bayyana ma'anar adalci, ya jero ma'anoni uku ko huɗu da ya kwaso daga littattafai. Abin mamaki, daga nan har ya ajiye alƙalami ba zai sake waiwayar ko ɗaya daga cikinsu ba. Malaman manɗiƙi sun sharɗanta wa ta'arifi ya tattaro duk abin da ke cikin ma'ana, ya kuma tsare ta daga abin da ba nata ba, domin da shi za a yi awo a gaba. Ma'anar da aka kawo ba a auna kome da ita ba kamar mudu ne da aka kawo kasuwa aka kife.

Sai karin magana, wadda ita ce ta fi ɗauke mana hankali, domin a nan ne gwanintar ɗaliban take, a nan ne kuma suka fi zamewa. Masu goyon bayan tashin mutane kusan duk sun rufe bakin mai karatu da cewa sai an sha wuya akan sha daɗi. Karin maganar gaskiya ce a muhallinta, amma muhallinta shi ne mutum guda wanda ya sha wuyar ya kuma sha daɗin, kamar ɗalibin da ya hana idonsa barci ya ci jarrabawa. Tambayarmu kuwa ta taso ne daidai inda mai shan wuya daban, mai shan daɗi daban. Ashe ke nan karin maganar ta tsallake matsalar ne baki ɗaya, ta kuma sa marubucin ya ji kamar ya warware ta. Masu adawa su ma haka, suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, alhali wannan magana ce a kan wanda ya tafi da ƙafarsa, ba wanda aka ce ya kwashe kayansa ba. Ɗaya ne kaɗai ya kawo wadda ta faɗa a kan gaɓa, ya ce wanzami ba ya son jarfa, yana nufin mai yanke wa wani hukuncin tashi ya fara tambayar kansa ko zai yarda a yi masa. Amma shi ma daga faɗinta sai ya wuce, bai tsaya ya fitar da hujjar da ke ƙunshe a cikinta ba. Ba mu ce a kori karin magana daga insha'i ba. Ita dai taƙaitaccen hukunci ce da magabata suka yanke a kan wani hali, tilas mai kawo ta ya nuna cewa halin da yake magana a kai irin wancan ne.

Abu na uku ya fi waɗannan muni, ko da yake shi ya fi kama da natsuwa. Marubuci zai ce kome na duniya yana da amfani da rashin amfani, ya jero amfanin madatsa: noman rani, kamun kifi, ruwan sha na birnin Kano. Ya juya ya jero illolinta: rasa gonaki, sauro, tsargiya. Daga nan sai ya rufe da kira ga gwamnati ta dubi talakawa da idon rahama. Wanda ya karanta irin wannan ba shi da abin musawa, don ba a ce kome ba. An tambayi alƙali hukunci, ya karanto bayanin mai ƙara da na wanda ake ƙara, ya tashi.

Tushen wannan duka, a ganinmu, muhawarar makaranta ce yadda ake gudanar da ita. Akan ba yara take irin su likita ya fi malami amfani, a raba musu ɓangare da ƙuri'a, a ba da maki a kan ɗaga murya da tsayuwa da yawan dalilan da aka lissafo. Babban abin kunya a wannan fage shi ne ka yarda abokin karawarka ya faɗi gaskiya a wani wuri. Yaron da ya tashi a haka, in ya zo rubutu, ɗayan biyu ne: ko ya yi ta jifa da duk abin da hannunsa ya kai, ko kuwa, in ya ga babu ƙuri'ar da ta ba shi ɓangare, ya ƙi tsayawa ko'ina. Zancen kunya kuwa, wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kwanar Ɗangora ya ji yadda saurayi ɗan shekara ashirin ke kare farashin buhun masara a gaban sa'an mahaifinsa, da ladabi amma ba ja da baya, ba zai ɗauke shi da nauyi ba.

Manɗiƙi a ƙasar Kano

Maganar cewa awon hujja baƙon abu ne ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya wallafa littafin manɗiƙi a waƙe mai suna Minahul Wahhabi, ya kuma yi musayar baitoci da Jalaluddini Suyuɗi na Misira, wanda ya haramta shagala da wannan ilmi. Suyuɗi ya dogara ga cewa asalin ilmin daga waɗanda ba Musulmi ba ne, Almagili kuwa ya tafi a kan cewa da gaskiya ake gane mutane, ba a gane gaskiya da su. Littafin Sullamu na Al'ahdari, wanda aka wallafa a 941 Hijira, har yau ana karanta shi a zaurukan Kano da Zariya. Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, ya yi rubutu a kan falsafa tun kafin Turawa su zo da tasu makaranta.

A cikin Sullamu an kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, wanda ake ginawa a kan abin da ya tabbata, jadali, a kan abin da jama'a ko abokin jayayya suka sallama, hiɗaba, a kan maganar wanda ake ganin girmansa ko abin da zato ya rinjaya a kai, shi'iri, mai motsa zuciya, da safsaɗa, mai kama da gaskiya ba ita ba. In muka auna takardun ɗalibanmu da wannan ma'auni, za mu ga a tsakanin hiɗaba da shi'iri suke kai da kawowa. Gajeren insha'in falsafa kuwa, in bai kai ga burhani ba, wanda da wuya a kai gare shi a sha'anin adalci, to ya kamata ya zama jadali na gari, watau ya tashi daga abin da mai karatu ya riga ya yarda da shi, ya ja shi taki-taki zuwa abin da bai yarda da shi ba tukuna.

Wasiƙar Alkanemi da amsar Bello

A 1808 mutanen jihadi suka ci Birnin Gazargamu. Mai na Barno ya nemi taimakon wani malami, Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, shi kuwa bai tsaya ga takobi kaɗai ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jihadi. Muhammadu Bello ya kwafe wasiƙun da amsoshinsu a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. E. J. Arnett ya mai da littafin Turanci a 1922, C. E. J. Whitting ya buga Larabcinsa a 1951, Thomas Hodgkin kuma ya sa wani ɓangare na musayar a cikin Nigerian Perspectives a 1960. Masana tarihi sun sha tattauna ta. Mu a nan ginin hujjar kaɗai za mu duba, ba mu zo raba gardama tsakanin manyan malamai biyu ba, Allah ya jiƙansu.

Abu na farko da ke burge mai karanta fitacciyar wasiƙar Alkanemi shi ne tambaya guda ya riƙe: da wane dalili ake yaƙar mutanen Barno ana bautar da 'ya'yansu? Ya ɗauka amsar da za a ba shi ita ce kafirci, sai ya nuna mutane ne masu salla da azumi da zakka da gina masallatai. Daga nan ya yi abin da babu ɗalibinmu ko ɗaya da ya yi, ya kawo tuhumar abokan jayayyarsa da kansa: sarakuna na hawa zuwa wasu wurare don yin sadaka, mata na fita ba lulluɓi, ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu, ana zalunci a shari'a. Bai musa aukuwarsu ba, bai kuma ce suna da kyau ba. Ya sallama duka, domin ya san ƙarfinsa yana wani wuri, watau a bambanci tsakanin saɓo da kafirci. Wannan shi ne ta'arifin da ke aiki, kalma biyu aka rarrabe, kuma duk wasiƙar a kansu ta rataya. In muka tsara hujjar yadda masu manɗiƙi ke yi, ga yadda za ta fito: saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci, abubuwan da ake tuhumar Barno da su saɓo ne, saboda haka ba su halatta yaƙar ta a matsayin ƙasar kafirci ba.

Bai tsaya nan ba, ya bi ra'ayin abokin jayayya har inda zai kai shi. In saɓo na kafirta ƙasa, to Misira da Sham da sauran biranen Musulmi, inda ake aikata irin waɗannan ko fiye, sun shiga ciki ke nan, babu kuwa mai faɗin haka. Wannan dabara tsohuwa ce, ana kora magana ne har ta faɗa ramin da mai ita ba zai yarda ya bi ta ciki ba. Daɗin daɗawa ya kafa musu hujja da littattafan Shehu Usmanu kansa, ya ce ya karanta su ya ga abin da mabiya ke aikatawa ya saɓa musu, ya kuma bayyana cewa yana ƙaunar Shehu matuƙar yana tare da gaskiya, in kuwa suka rabu, gaskiya zai bi. Wanda ya san abin da Aristotal ya faɗa game da malaminsa Aflaɗon a farkon littafinsa na ɗabi'u zai ga ruhi ɗaya ne. Ga ladabi, ga ja da magana, a cikin jimla guda, wanda ya ishe mu amsa ga masu cewa biyun ba su haɗuwa.

Bello kuwa darajarsa ta farko ita ce ya ajiye maganar abokin jayayyarsa da ƙarfinta a cikin littafinsa, ta yadda bayan shekara fiye da 200 muna iya karanta sukar da aka yi masa daga hannunsa. Da ya ga dama da ya taƙaita ta yadda za ta yi sauƙin rushewa. Sa'an nan bai ɓata tawada wajen musun abin da ba ya musuwa ba. Ya yarda da muƙaddima ta farko, cewa saɓo ba ya kafirtawa, ya kai hari ga ta biyu. A wurinsa ba don hanci ko rashin lulluɓi aka yi yaƙi ba. Dalilin shi ne Mai na Barno ya tashi ya taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, wanda ya sa yaƙin ya zama kariyar kai, ya kuma shiga babin jiɓintar kafirai a kan Musulmi, sa'an nan abin da Alkanemi ya kira sadaka shi yanka ne ga duwatsu da itatuwa da kogi. A nan ne ya kamata ɗalibi ya buɗe ido, domin da wannan amsa gardamar ta tashi daga kan ƙa'ida, inda malaman biyu suka daidaita, ta koma kan abin da ya auku da niyyar masu aikata shi.

A nan ne kuma muke ganin raunin kowannensu. Alkanemi ya yanke cewa masu zuwa waɗancan wurare ba su nufin shirka, amma niyyar jama'a ba abu ne da faɗi kaɗai ke tabbatarwa ba, kuma a wannan wasiƙa bai fuskanci batun taimakon sarakunan Hausa ba, wanda shi ne ginshiƙin ɗaya ɓangaren. Bello shi kuma a kan labarin da aka kawo masa daga Barno ya gina tasa, ga kuma yawan nassoshi da ya tara har wani lokaci zaren hujjar kan ɓace wa mai karatu a cikinsu. Ta fuskar gini dai, mu a wurinmu wasiƙar Alkanemi ta fi ɗaurewa, ita ce ta fi cancanta a sa a gaban mai koyon gajeren insha'i. Ta fuskar yi wa abokin jayayya adalci kuwa, Bello ne malamin.

Komawa Tiga

To, yaya ɗalibin da ya koyi wannan darasi zai tunkari tambayarmu? Da farko zai rage mata faɗi, don shafi biyu ba su ɗaukar adalci dukansa. Zai lura kalma biyu ke cakuɗe a ciki, halacci da adalci. Ta fuskar doka babu gardama, tun daga shelar ƙasa ta 1910 zuwa Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ke aiki lokacin da aka gina Tiga, har zuwa dokar 1978, ƙasa tana hannun hukuma ne, tana iya karɓa don amfanin jama'a, diyya kuma ta fi karkata ga abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba ga ƙasar kanta ba. Wanda ya tsaya a nan ya amsa tambayar lauya. Tambayar falsafa tana farawa ne daga inda aka ce, to, an yarda doka ta ba da dama, shin abin da ta ba da damar yi daidai ne?

Sai ya tsai da da'awa a jimla ɗaya, a sakin layi na farko, yadda mai musu zai san abin da zai musa. Alal misali: tashin mutane don maslahar jama'a yana zama adalci ne kawai idan waɗanda aka tasa sun shiga cikin masu cin amfanin aikin. Yana iya farawa daga abin da mai karatunsa ya sallama. Masana usulu sun yarda akan jure cuta keɓantacciya don tunkuɗe cuta gamammiya, kuma an ruwaito Sayyadina Umar, a shekara ta 17 bayan Hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye da Ka'aba don faɗaɗa masallaci, waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe ya ajiye musu kuɗinsu. Ɗalibai da dama sun kawo wannan ƙissa, amma sun kawo ta ne a matsayin rufe baki. Mai neman hujja tilas ya tambaya ko ƙiyasin ya zauna. Wanda aka rushe gidansa a Makka gobe zai yi salla a filin da aka faɗaɗa, yana cikin jama'ar da aka yi dominta. Ruwan Tiga kuwa ƙasar da ya kwanta a kai daban, filayen da yake shayarwa a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam daban. Saboda haka ƙissar, in aka bi ta a hankali, tana iya zama hujja ga mai da'awar da muka ambata, ba a kansa ba.

Daga nan sai abin da muke kira i'izari, aron kalma daga kotun alƙali, inda ba a yanke hukunci sai an tambayi wanda zai faɗa a kansa ko yana da sauran magana. Marubuci zai nemo suka mafi ƙarfi, ba mafi sauƙi ba. Mai bin ra'ayin Bentham da Mill zai ce masa abin dubawa shi ne jimillar amfani, in miliyoyi sun sha ruwa sun ci shinkafa, hasarar dubbai ta narke a ciki, kuma in aka ce sai kowa ya amfana, ba za a taɓa gina hanya ko asibiti ba. Wannan suka ce mai nauyi, kuma akwai hanya biyu ta fuskantar ta. Ana iya musun ƙa'idar, kamar yadda John Rawls ya yi a littafinsa na 1971, shekarar da aka fara Tiga, inda ya tafi a kan cewa ribar wasu ba ta wanke hasarar da aka ɗora wa wasu, domin mutane ba buhu ɗaya ba ne da za a haɗa a auna. Ana kuma iya yin irin ta Bello, a sallama ƙa'idar a musa lissafin. Su wane ne jama'a masu yawan? Kogin Kano bai ƙare a Kura ba, yana gangarawa ya zama Kogin Haɗejiya, kuma tun da aka tsare shi a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suka dogara da ita don shinkafa da kifi da kiwo ta ragu. Edward Barbier da Julian Thompson, a nazarin da suka buga a 1998, sun nuna ribar noman rani a sama ba ta kai hasarar da fadamun ƙasa ke yi ba. Ba lalle ne ɗalibi ya karɓi wannan ido rufe ba, amma ya ishe shi ya gane cewa jimlar nan ta amfanin jama'a masu yawa, wadda kowa ya rubuta kamar abin da ba ya bukatar shaida, ita kanta da'awa ce. Ya kuma wajaba ya bambanta wa mai karatu inda yake magana a kan abin da ya kamata, da inda yake magana a kan abin da ya auku, don kowanne da irin shaidarsa.

Takarda guda da ta bambanta

Wata ɗaliba da aka tura ƙasar Doguwa ta nemi izini ta sauya misali, ta yi rubutu a kan dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, Kogin Kano kuma ta cikinsa yake bi kafin ya isa Tiga. Hausarta ba ta kai ta sauran ba, ƙugiyoyin ɗ da ƙ sun sha faɗuwa, rabin kalmomi a manne. Babu karin magana ko ɗaya. Amma jimlarta ta farko ita ce da'awarta: hana makiyayi shiga dajin adalci ne muddin dalilin hanin ya hau kan mai gatari kamar yadda ya hau kan mai sanda. Ta kafa cewa dalilin keɓe daji shi ne kare itatuwa da ƙasar da ke riƙe ruwa, ta ce duk wanda aikinsa ke ɓata wannan hukuncinsu ɗaya, ko wane ne shi. Sa'an nan ta kawo sukar da ta ce daga bakin mahaifinta ta ji, shi kuwa manomi ne, cewa mai gatari yana da wata sana'a da zai koma, makiyayi kuwa burtali ya zama gona, in an hana shi daji an hana shi rayuwa, don haka hukunci ɗaya a kan mutum biyu da halinsu ya bambanta shi ma zalunci ne. Ta yarda sukar ta taɓa ta. Ta yi ƙoƙarin amsawa, amsar ba ta gama gamsarwa ba.

Mun ba wannan takarda maki fiye da sauran, abin da ya jawo mana gardama da wani abokin aiki da muke duba takardun tare. Shi ya ƙirga kurakuran rubutu, ya kuma ce dalili ɗaya tak ta kawo alhali wasu sun kawo bakwai. Ba mu ga laifinsa ba, domin takardar rabon maki da muka gada tana da gurbin ƙunshiya da tsari da salo da ƙa'idojin rubutu, ba ta da gurbin da za a saka wa wanda ya kawo suka a kan kansa ya amsa, ko a rage wa wanda ya jero dalilai bakwai da babu mai ɗaure da wani. Muddin haka takardar take, malamin da muka yaye zai je Ƙiru ko Tudun Wada ya auna yaransa da ita.

Ita kuwa ɗalibar, aibin takardarta na gaskiya ba a ƙugiya yake ba. A shafin farko adalci a wurinta shi ne a yi wa kowa hukunci iri ɗaya, a shafi na biyu, bayan maganar mahaifinta, ya koma a ba kowa gwargwadon halinsa, ba ta kuwa lura ta sauya mudu a tsakiyar awo ba. Mun ja layi a ƙarƙashin wuraren biyu, muka rubuta mata a gefe cewa ta zaɓi ɗaya, ko ta nuna mana yadda biyun za su zauna tare. Bayan mako biyu ta dawo da ita ta ragu da kusan rabin shafi. Ta zaɓi ma'ana ta biyu, wadda ta tilasta mata gyara da'awarta ta farko, ta ƙara mata sharaɗin a buɗe wa makiyayi burtali da mashaya a wajen dajin kafin a rufe masa cikinsa.